Yadda na bi sawun zabirar wani wanzami a ma'ajiyar gidan tarihi a Ingila

Abin da mai ziyara yake gani a bayan gilashi a gidajen tarihin Turai ɗan tsakure ne daga abin da suka tara. Mafi yawan kayan suna ma'ajiya, cikin kwalaye da durowoyi, wasu ma a wani gari dabam. Ba a hana mutum ganinsu, amma akwai hanyar da ake bi, kuma ba kowa ya san ta ba. Na bi ta lokacin da nake ƙaro karatun haɗa magunguna a Ingila, don in ga wasu kayan magani da kayan duba waɗanda aka kwaso daga ƙasar Hausa tun farkon zuwan Turawa. Ni ɗan gidan wanzamai ne, na tashi ina riƙe wa Baffana ƙwaryar ruwa idan yana yi wa mutane ƙaho, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Aikin a kan kwamfuta yake farawa. Manyan gidajen tarihi sun ɗora rajistar kayansu a intanet, wasu da hoto, wasu rubutu kawai. Wanda zai nema kada ya tsaya a kan rubutun sunanmu na yau. Tsofaffin katuna sun rubuta Haussa, sun rubuta Houssa, wasu kuma sunan gari kawai suka sa, kamar Kano ko Zariya ko Bida ko Lakwaja, wasu suka ce Sudan ta Yamma suka yi shiru. Sai ka bi kowanne ɗaya bayan ɗaya. A rajistar gidan tarihin wata jami'a na ci karo da ƙahon wanzami, an rubuta cewa na wani boka ne daga Arewacin Nijeriya, wani jami'in mulkin mallaka ya ba da shi kyauta kafin yaƙin duniya na farko. Ba sunan mai ƙahon, ba sunan garinsa, ba bayanin ko saye aka yi ko ƙwace.

Lambar da ke jikin kaya ita ce zaren da ake bi. A gidaje da yawa kashi uku gare ta: shekarar da kayan suka shigo, lambar rukunin da suka shigo tare, sannan lambar shi kansa abin a cikin rukunin. Da na gane haka sai na riƙa canza lambar ƙarshe, ina hawa ina sauka. Ga wani ƙahon. Ga aska. Ga jakar fata. Ga layu, ga ƙullin wuri, ga wani ɗan allo ƙarami, ga gora mai ado. Duk rana ɗaya suka shigo, daga hannun mutum ɗaya, kuma duk an yi musu kuɗin goro da suna guda: kayan boka. Amma wurin ajiyarsu ya sha bamban. Ƙahonin suna sashen kayan jinya, layun suna tare da layun sauran duniya, jakar tana cikin kayan fata.

Wannan rarrabawa tana da asali. Gidan tarihin Pitt Rivers da ke Okisfod, wanda aka kafa a 1884, har yau yana jera kaya bisa irinsu, ba bisa ƙasar da suka fito ba: makullai wuri ɗaya, kayan kiɗa wuri ɗaya, layu da kayan duba wuri ɗaya. Tunanin masana na wancan zamani shi ne su nuna yadda ɗan Adam ya taso daga abin da suka ɗauka ƙauyanci zuwa abin da suka kira wayewa, su kuma suna saman tsanin. Henry Wellcome, attajirin magunguna haifaffen Amurka da ya rasu a 1936, ya yi irin wannan tari a fannin magani. Yana da wakilai masu yi masa saye a kasuwannin gwanjo da ƙasashe daban-daban, har abin da ya tara ya haura miliyan ɗaya. Ya buɗe gidan tarihin magani a Landan a 1913. Bayan rasuwarsa aka yi ta rabon kayan shekara da shekaru: sama da 100,000 suka tafi aro Gidan Tarihin Kimiyya na Landan, kusan 30,000 kuma aka ba Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a 1965. Ke nan kayan aikin mai magani ɗaya suna iya rabuwa tsakanin nahiyoyi biyu. Nawa da sauƙi, tunda duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya.

Na rubuta wa sashen kula da kaya wasiƙa ta imel. Na jera lambobin, na faɗi ko ni wane ne da abin da nake nema, na roƙi abu biyu: a haɗa mini kayan duka a kan teburi ɗaya, kuma a bar ni in kira Baffana ta bidiyo ya gani da idonsa. Amsa ta ɗauki makonni, don ma'aikatan kaɗan ne kuma masu nema da yawa. Suka aiko fom, suka nemi katin shaida, suka ba ni rana. A cikin fom ɗin akwai tambayar ko ina da alaƙa ta jini ko ta al'ada da kayan. Wannan tambaya kada a tsallake ta. Gidaje da yawa yanzu suna da tsari na musamman ga mutanen da kayan suka fito daga cikinsu, suna ba su lokaci mai tsawo, suna kuma sauraron abin da za su ce. Na rubuta cewa wanzanci gadon gidanmu ne.

Kafin ranar, ma'aikaciyar da ke kare kayan daga lalacewa ta aiko mini da gargaɗi, kuma a matsayina na mai karatun magunguna na ɗauke shi da muhimmanci. A da, don kada asu da sauran ƙwari su cinye fata da gashi da tufafi, gidajen tarihi sun riƙa barbaɗa musu asinik da gishirin zaiba, daga baya DDT da kafur. Gubar ba ta tafiya, tana nan a jikin kayan bayan shekara ɗari. Yanzu an daina, sai dai a naɗe kaya a leda a sa su a firiza mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifili na kamar kwana 3, ƙwarin su mutu har da ƙwansu. Ta ce sun ɗora wa jakar wata na'urar hannu mai nuna sinadaran da ke jikin abu, ta nuna asinik. Saboda haka ba taɓawa sai da safar hannu, ba shinshinawa, ba kai hannu fuska. Ta ƙara da cewa gorar an yi mata ado da jajayen 'ya'yan itace masu baƙin ɗigo, wato idon zakara, wanda ƙwayarsa guba ce mai kisa idan aka tauna. Sannan cikin ƙahonin akwai busasshen jini. Duk wanda yake maganar a mayar da irin waɗannan kaya hannun masu su don a ci gaba da amfani da su, ya kamata ya san da wannan batu. Layar da aka jiƙa da asinik ba a rataya wa yaro ita.

Ranar da na je, na bar jaka da riga a akwatin ajiya, aka karɓi biro aka ba ni fensir, don tawada idan ta ɗiga ba ta fita. Ɗakin da sanyi, ba taga, warin kafur da tsohuwar fata ya cika shi. Hanyar zuwa teburin ta ratsa tsakanin kantoci, kuma ma'aikaciyar ta tsaya ta nuna mini wasu kayan duba na sauran ƙasashen Afirka. Akwai faifan katako na Ifa, wato tsarin duban Yarabawa, da fuskar Eshu, ɗaya daga abubuwan bautarsu, sassaƙe a bakinsa. Irinsa mafi daɗewa da aka sani a Turai yana birnin Ulm na Jamus, an kai shi daga Allada, a Jamhuriyar Benin ta yau, tun kafin 1659. Faifan shi kaɗai ba ya duba. Sai da ƙwarar manja 16, da garin da ake barbaɗawa a zana alama a kai, da sandar ƙwanƙwasawa, sama da duka kuma sai da babalawo, wato mai duban, wanda ya haddace baitocin babi 256. Waɗannan baitoci ne suka sa Hukumar UNESCO ta sanya Ifa cikin gadon ɗan Adam a 2005, kuma ba a kan kanta suke ba, a ƙirjin mutane suke. Akwai kwandon duba na Cokwe, mutanen Angola, cike da ƙananan gumaka da ƙasusuwa da 'ya'yan itace, wanda mai duba ke girgizawa ya karanta yadda suka kwanta kusa da juna. Idan an cire guda biyu ko uku an kai wata durowa, karatun ya rushe. Akwai ɗan katakon da Azande, mutanen tsakiyar Afirka, suke gogawa don duba, irin wanda Bature masanin al'adu Evans-Pritchard ya yi bayani a 1937. Akwai gunkin magani na Kwango da ake kira nkisi, da ƙusoshi a jikinsa, amma ramin cikinsa fanko, domin da yawa an kwashe haɗin maganin kafin su shiga hannun Turawa. Na lura da abu ɗaya: kowannensu ɓangare ne na wani aiki mai mutum a tsakiya, kuma mutumin ne katunan suka fi mantawa da shi.

Namu kayan suna jere a kan farin soso. Na gama awo da zane da ɗaukar hoto, sannan na kira gida.

"Baffa, barkanku da rana. Ga kayan nan a gabana, ku duba."

"Matso da wayar, ɗana. Juya mini bakin ƙahon nan."

Ma'aikaciyar ta juya shi a hankali. Baffa ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce a duba yadda bakin ya yi sumul. Ƙahon da ba a goge bakinsa ba yanka fata yake yi, wannan kuwa hannu ne da jikin mutane suka ƙara goge shi, mai shi ya daɗe yana aiki. Ya sa aka nuna masa ɗan hujin da ke tsinin, ya bayyana yadda ake zuƙar iska da baki, a toshe da jijiya ko kaki da harshe, a bar shi ya ja, a cire, a yi tsaga, a sake mayarwa. Babban na gadon baya ne, ƙaramin na ƙeya. Ina fassarawa, ita tana rubutawa.

Da aka zo kan aska ya daɗe. Ya ce ƙirar maƙeran gida ce, kuma washi ya cinye ta har ta rame a tsakiya. Ya sa aka kifa ta, aka sake juyowa. Sai ya ce, "Mai askar nan bahago ne. Dubi gefen da ya fi cinyewa." Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce shi dai abin da idonsa ya nuna masa ke nan, don ya koyar da bahago a cikin yaransa kuma haka askarsa take. Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai. Katin da ya shekara sama da ɗari bai san komai game da mutumin ba, ga wani tsoho a zaure ya san hannun da yake aiki da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Jakar kuwa ko sakan biyu bai yi ba ya ce zabira ce. Ya sa aka buɗe ta, ya ƙirga aljihunan, ya ce akwai abin da babu. Aljihun nan siriri na 'yar tsaga ne, wancan na hantsaki, na ƙasan na dutsen washi. Ma'aikaciyar ta koma kan kwamfutarta ta bi lambobin rukunin, ta tarar da wata lamba da ban gani a intanet ba. Ta fita, jim kaɗan ta dawo da ɗan ƙarfe a cikin kwali. An ajiye shi cikin wuƙaƙe da kibau, a sashen makamai. 'Yar tsaga ce. Ba a zura ta cikin aljihun ba don fatar ta bushe, amma an aza ta a kai, tsawonsu ya zo daidai.

Sai na karanta masa abin da katin ya ce, cewa kayan boka ne. Nan muryarsa ta canza. Ya ce, "Wane boka? Ƙaho sunna ne. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, an yi masa ƙaho, ya kuma biya wanda ya yi masa. Ka gaya mata ta goge." Na fahimci zafinsa. A wurinmu wanzami dabam, malami dabam, boka dabam, ɗan bori dabam, maɗori da ungozoma da mai saiwa kowa da fagensa, kuma tsakanin wasunsu akwai katanga ta addini. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai zuwa wurin ɗan duba. Mutumin da ya rayu yana aski da kaciya da cire belu, mai yiwuwa yana sahun gaba a masallaci, an rubuta shi a littafin wata ƙasa da sunan da shi da kansa zai ƙi. Ba ina cewa bokaye ba su cancanci a rubuta tarihinsu ba, sun cancanta, da sunansu na gaskiya da ilminsu na itatuwa wanda ni kaina nake karantawa a ɗakin gwaji. Abin da nake cewa a ba kowa nasa.

Ƙullin wurin shi ya fi ba ni aiki, kuma shi na fi jin daɗi. Katin ya ce na duba ne. Baffa ya ce a zuba su a gani. Dukansu lafiyayyu ne, ba a fasa bayansu ba. Wurin da ake jefawa don duba, kamar guda 16 da Yarabawa ke amfani da su, akan yanke bayansa don ya iya faɗuwa ta kowace fuska, a ƙirga masu buɗe baki da masu kife. Wanda ba a yanke ba kusan kullum fuska ɗaya yake bi. Sannan a lokacin da aka karɓi kayan nan wuri shi ne kuɗi a ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldibis ake kawo shi, kuma Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa a wannan yanki ba a shirya shi a zare, ƙirga shi ake yi a warwatse. Baffa ya ce, "Ladan askinsa ne, bawan Allah." Na yarda da shi. Akwai kuma dalilin da ya sa mai tarin zai so ya ga duba a wurin da babu. Babban duban ƙasar Hausa bugun ƙasa ne, wanda ya zo ta hanyar Larabawa da gidajensa 16, kayan aikinsa kuwa rairayi ne da yatsa. Ana gamawa a shafe. Ba abin da za a sa a akwati a kai Ingila. Wanda ya ga faifan Ifa a kudu yana neman takwaransa a arewa, wuri ne zai fara kama masa ido.

Layun guda uku ne, ɗinkin baduku, jar fata da ta koma baƙa. Ni ne na fara tambayar ko za a iya sanin abin da ke ciki. Ma'aikaciyar ta ce ba sa farke laya, domin abin da aka farke ba ya komawa yadda yake. Za a iya ɗaukar hoton ƙashi, ya nuna ko akwai ƙarfe ko tsakuwa ko ninkin takarda, amma rubutun da wuya ya fito, tunda tawadar gawayi da ƙaro ba ta bayyana a irin wannan hoto, sai wadda ke da ƙarfe a cikinta. Baffa bai jira na gama fassara ba ya ce a bar su. Malami ya rubuta, baduku ya rufe, mai ita ma bai buɗe ba, to mu a wane dalili? Ya ce idan ayoyi ne, abin da ya fi shi ne kada a ajiye su a ƙasa, kada kuma a haɗa su da ƙazanta. Ina da sha'awar sani, ba zan ɓoye ba, amma na ga gaskiyarsa. Irin hatimai da addu'o'in da ake sa wa a laya suna nan a kundayen malamai da ɗakunan ajiye rubuce-rubuce a Kano da Sakkwato da Kaduna, ba sai an yaga wannan ba kafin a san su. Ma'aikaciyar ta rubuta roƙonsa, ta ce za a mayar da su kanta ta sama.

Saura ɗan allon da gorar. Baffa ya kalle su ya ce waɗannan ba na wanzami ba ne, kuma ba fagensa ba ne, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Ya ce a nemi wata tsohuwa a unguwarmu wadda ta tashi a gidan da ake bori. A nan ne na gane cewa rukunin ba kayan mutum ɗaya ba ne. Mai tarin ya haɗa na mutum biyu, wataƙila uku, ya zuba a akwati guda.

Ƙanwata ce ta kai wa tsohuwar hotunan a waya, ta naɗo mini muryarta. Da farko ta ƙi, ta ce ita ta bar wannan tun tana budurwa, ta yi aure, ta je Makka. Ƙanwata ta ce mata, "Iya, ba yi za a yi ba, gyara rubutu za a yi." Sannan ta karɓi wayar. Katin ya ce ɗan allon abin wasan yara ne. Ta ce a'a. Kowane iska a bori yana da kayansa da ake ajiye masa, kuma allo ƙarami marar rubutu irin na Malam Alhaji ne, tsohon malamin nan mai fararen kaya da tari, kamar yadda Ɗan Galadima yake da kayan ado irin na 'ya'yan sarauta. Ta ce ba a sayar da irin wannan. Ko dai mai shi ta mutu ba magaji, ko ta tuba ta zubar, ko an karɓe. Wannan magana ta dace da tarihi, domin tun jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 bori yake shan matsi, kuma bai samu sauƙi ba a zamanin Turawa. Har wani sojan Ingila, Tremearne, da ya wallafa bincike a kan bori a 1914, a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus ya samo mafi yawan bayaninsa.

Kan gorar ta yi magana kaɗan. Ta ce ta san ko ta mece ce, ta girka ce, wato jinyar da ake yi wa wanda iska suka kama, amma ba za ta faɗi abin da ake zubawa ciki ba. Ta ce, "Ɗan nan, ka ce musu su rufe ta. Ba a barin ta a buɗe kowa yana kallo." Ni ban yi imani da abin da ke bayan wannan umarni ba, amma na isar da shi yadda ta faɗa, domin ita ce mafi kusa da mai gorar a cikin duk waɗanda za a iya tambaya, kuma ban ga abin da ilmi zai rasa ba idan hoton bai zauna a intanet ba. Mai bincike na gaskiya zai iya nema ya je ya gani, yadda na yi.

Mataki na ƙarshe shi ne rubuta rahoto, kuma shi ya fi cin lokaci. Kowane abu da shafinsa: lambarsa, sunansa da Hausa, aikinsa, wanda ya faɗa, ranar da ya faɗa, da ƙarfin tabbacin. Zabira da ƙahoni da 'yar tsaga na sa tabbas. Wuri na sa mafi rinjaye kuɗi ne, na kawo hujjojin. Batun bahago na sa shi a matsayin ra'ayin gwani ɗaya. Gidan tarihin ya aiko takardar neman izinin waɗanda suka yi bayani, na karanta musu da Hausa ta waya. Baffa ya yarda a sa sunansa da sana'arsa. Iya ta ce a rubuta wata tsohuwa kawai. Na kuma nemi a biya su ladan aikinsu kamar yadda ake biyan duk masanin da aka gayyato, aka biya. Wannan haƙƙi ne, duk mai bin wannan hanya ya nema tun a wasiƙar farko.

Abu ɗaya Baffa bai samu yadda ya so ba. Ba a goge tsohon rubutun ba. Ƙa'idarsu ita ce a bar shi a matsayin shaidar yadda aka yi tunani a lokacin, a sa masa alama cewa tsohon bayani ne mai kuskure, sabon ya hau sama. Na yi masa bayani cewa idan an goge, gobe ba wanda zai san an taɓa yi wa mutumin wannan ƙage. Ya ce to, in dai na gaskiyar ne a sama.

Mutane sukan tambaye ni me ya sa ban nemi a dawo da kayan gida ba. Hanyar tana nan. Wata dokar Birtaniya ta 1963 ta ɗaure hannun Gidan Tarihin Birtaniya wajen mayar da kaya, amma gidajen jami'o'i sun fi sakewa: a Oktoban 2021 Jami'ar Abadin da wata kwaleji a Kambirij sun mayar wa Nijeriya kayan tagulla na masarautar Benin. Gwamnatoci ma sun motsa: Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a wannan shekarar, Jamus kuma ta miƙa mallakar sama da 1,000 ga Nijeriya a 2022. A wajenmu buƙatar takan bi ta Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Amma waɗannan kayan sarakuna ne da aka san ranar da aka kwashe su da wanda ya kwasa. Zabirar wanzamin da ba a san garinsa ba, wa zai tsaya mata? A Nuwamban 2022 cibiyar Wellcome ta rufe zauren da ta shekara 15 tana nuna tarin mai gidan, ta ce yadda aka tsara shi yana ɗauke da kallon wariya. Na ga dalilinsu, sai dai kayan da aka sauke daga gilashi ma'ajiya suke komawa da katunansu na da. A ganina abin gaggawa shi ne a kai hotunan gaban tsofaffin da suka san su tun suna raye, domin irin Baffa da Iya ba su da yawa, kuma ba wanda yake koyon abin da Iya ta sani.

Na tambayi Baffa ko yana son zabirar ta dawo. Ya ce ƙaho yana da shi, aska yana da ita, abin da yake so manyan hotuna ne na ɗinkin, don akwai wani salon saƙar bakin aljihu da ya ce rabonsa da gani tun yana yaro, yana so ya nuna wa badukun da ke yi masa aiki. Gidan tarihin ya aiko su ba tare da karɓar kuɗi ba, aka wanke su a takarda aka kai masa.

Bayan wasu watanni rajistar ta canza. Kayan wanzamin yanzu suna kwali ɗaya, kowace lamba tana nuna 'yan'uwanta. An cire hoton gorar, an bar bayaninta da sanarwar cewa sai an nemi izini. Ma'aikaciyar ta kuma aiko mini da jerin wani rukuni da ba a taɓa ɗora shi a intanet ba: wata ƙaramar wuƙa, ƙullin saiwoyi, tsumma, da kaskon turare, duk an rubuta musu kayan tsafi. Na tura wa ƙanwata hotunan, na ce ta fara da ungozoma.